Tafinta Tsakanin Likita da Surukina

Daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Gaya

Ban jira gari ya waye ba. Ana sallame sallar asuba a masallacin layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi na saɓa jakata, ko shayi ban tsaya sha ba. Matata Hauwa tana jego, ba ta yi arba'in ba, amma sai da ta biyo ni har soro da jaririya a kafaɗa tana nanata mini abin da ta riga ta faɗa sau ba adadi. "Don Allah, Malam, kada ka yarda ya ce maka lafiyarsa ƙalau. Ka san halin Baba." Na ce ta kwantar da hankalinta, ai ni ne. Wannan "ai ni ne" ɗin na tuna shi daga baya, kuma ban ji daɗin tunawar ba.

Baban da ake magana mahaifinta ne, surukina ke nan, kuma ba za ku ji sunansa daga gare ni ba, don ban taɓa faɗarsa ba. Manomi ne a wani ƙauye bayan Gaya, ya daɗe yana fama da ciwon suga. Da daminar nan ƙanensa, wanda shi ma ciwon ne da shi, ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Aka ce zuciya ce. Tun ranar Hauwa ba ta ƙara samun sukuni ba, kullum maganarta abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Likitan da ke duba Baba a can ya ce a kai shi Kano a yi masa wasu gwaje-gwajen da ba su da kayan yin su, har da wanda ke nuna ko jinin mutum yana saurin daskarewa. 'Ya'yansa maza duk suna Kudu wurin neman abinci, sai kaya suka faɗo kaina.

Ni malamin Turanci ne a wata makarantar kuɗi, 'yan unguwa ma Ticha suke ce mini. Magana ce sana'ata. Amma in aka cire gaisuwa, maganar da na yi da mahaifin Hauwa tun da na aure ta ba za ta cika cokali ba. Haka muka taso muka gani: suruki ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa, ba a musa masa. In ka hango shi tafe, ko dai ka cire takalmi ka durƙusa, ko ka saki hanyar tun bai gan ka ba.

Ɗan adaidaita ya sauke ni Mariri, inda motocin Wudil ke lodi, ƙanshin ganyen goro ya cika wurin. Ɗan kamasho yana ta ihun saura mutum ɗaya, alhali ni ne mutum na biyu a motar. Na ce masa, "Wane irin lissafi aka koya maka?" Ya ce, "Na tasha, Malam. Shiga dai." Sai da rana ta fito muka tashi. A gadar Wudil masu shinge suka leƙa but ɗin motar, suka ga kaji da buhun garin kwaki, suka ɗaga mana hannu. Na sayi dafaffiyar gyaɗa ta taga na cinye kafin Gaya, don na san in na isa can cin abinci sai an yi dabara.

Ƙauyen su Hauwa

Daga Gaya ɗan acaɓa ya ɗauke ni, amma bai kai ni ba. Akwai wani kwari da ruwan damina ya zaizaye, har lokacin da sauran laka, ya ce shi babur ɗinsa ba kwale-kwale ba ne. Na ƙarasa da ƙafa ta cikin gonaki. Kaka ta yi, an girbe gero, dawa ta sunkuyar da kai tana jira.

Na tarar da Baba a zaure ya riga ya shirya, da farar rigarsa ta zuwa Juma'a da sandarsa. Na cire takalmi tun daga nesa na durƙusa. Gaisuwarmu ta yi tsawo kamar kullum, yana duban ƙasa ta wajensa, ina duban ƙasa ta wajena. Ya tambayi mai jego da baƙuwa, na ce suna lafiya. Na ce, "Ya ƙarfin jiki, Baba?" Ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Shi ke nan mun gama hirar ranar. Aka fito mini da fura daga cikin gida, Baba ya tuna yana da abin dubawa a bayan gida, ya tashi ya ba ni wuri.

Muka kama hanyar titi, shi a gaba da sanda, ni can baya da jakarsa. Da muka tsallake lakar muka fara hawa ɗaya gefen kwarin, sai ya tsaya. Ya juya wajen wata gona kamar mai duba zangarniya, amma hannunsa yana cikin riga, ya dafe ƙirji, bakinsa a buɗe, gumi yana bin wuyansa. Na gani. Ina gani kuma na yi abin da aka koya mini, na kau da kai, na sunkuya ina gyaran igiyar jakar da babu abin da ya same ta. Can sai ya ce, bai juyo ba, "Dawar mai gonar nan ta yi kyau bana."

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baba, ta yi."

Muka ci gaba da tafiya.

Masauki a Tarauni

A motar komawa na kama masa gidan gaba shi kaɗai, ni na shige can baya tsakanin wata tsohuwa da kwandon tumatir. A Wudil na sayi ruwan leda na ba direba ya miƙa masa. Ya karɓa ya yi godiya ga direban, ya riƙe shi a hannu har Kano bai fasa ba. Da muka sauka Mariri bayan azahar muka ɗauki shatar adaidaita, ya zauna a baya, ni kuma na ɗosana a gefen direba, rabin jikina a waje. Direban ya dube ni ya ce, "Malam, ga wuri a baya fa." Na ce masa iska nake sha.

Zancen masauki tun kafin in taso aka gama shi. Baba ba zai kwana gidan 'yarsa ba ko da sama da ƙasa za su haɗe. Yana da abokin ƙuruciya a Tarauni, Alhaji Tanimu, tsohon ɗan goro da ya ajiye kasuwa ya bar wa 'ya'ya, can aka shirya masa ɗaki. Alhaji Tanimu irin tsofaffin nan ne da ba sa ganin abu su ƙyale. Yana hango mu ya fara. "A'a! Ticha, kai aka ba kiwon tsohon raƙumin nan? Ya yi maka magana a hanya kuwa, ko haka kuka zo kamar bebaye?"

Baba ya ce, "Kai dai ba ka girma, Tanimu. Gaya wa Malam ya je ya huta, ya sha hanya."

Ina tsugune a bakin ƙofar ɗakin, ko tari Baba ya yi zan ji. Amma Alhaji ya juyo gare ni da dukkan nutsuwa kamar wanda ya kawo saƙo daga wata ƙasa, ya ce, "To ka ji, wai ka je ka huta." Ni ma na ce ya gaya wa Baba an ce kada ya ci komai da safe sai an ɗebi jini. Ya juya ya ce, "Ka ji, gobe azumi gare ka, kuma babu lada." Har Baba sai da ya murmusa. Da na ji motsin kwanuka daga cikin gida na yi sallama, na tako da ƙafa zuwa Gyaɗi-Gyaɗi raina wasai. A ganina an sami mafita: muddin Alhaji yana tsakaninmu, kowace magana za ta isa inda aka aike ta. Abin da na gani a kwari ma na ce gobe sai in raɗa wa Alhaji, shi ya san yadda zai yi da abokinsa. Hauwa ta tambaye ni yadda na ga jikin Baba, na ce da sauƙi.

Ɗibar jini

Asibitin na kuɗi ne, a nan cikin Tarauni, ba zan ambaci sunansa ba domin su ba su yi laifin komai ba. Ɗakin gwajin yana saman bene. Alhaji ya yi gaba yana tsokanar mai gadi, Baba yana biye, ni a ƙarshe. A tsakiyar matakala Baba ya sake tsayawa, ya jingina da bango, hannu ya koma cikin riga. Wannan karon babu dawa da za a yaba, sai ya tsura wa wata kalanda ido. Ni kuma na tsura wa takalmina.

Mai ɗibar jinin ya cika 'yan kwalabe, kowace da launin murfinta. Alhaji ya ce, "Duk wannan jinin, yaro, miya za ku yi?" Yaron ya yi dariya, ya ɗaga wata mai shuɗin murfi yana juya ta a hankali, ya ce wannan akwai maganin hana daskarewa a cikinta, da ita za a auna abin da ke sa jinin yin guda. Ya ce mu dawo gobe da hantsi mu ga likita.

Na so in keɓe da Alhaji a ranar, amma duk inda ya sa ƙafa Baba yana gefensa, na ce bari sai gobe a hanya. Da la'asar aka bugo wa Alhaji waya an yi masa rasuwa a Bichi, ya ce da asuba zai wuce. Ya dafa kafaɗata a ƙofar gida ya ce, "Ticha, gobe ku biyu ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ka ji ko?" Na ce na ji. Baba yana zaune a kan dakali yana jan carbi, don haka iyakar abin da na ce ke nan.

Gaban likita

Babban likitan wurin ya yi tafiya. Wadda muka tarar wata matashiya ce daga Kudu, da ɗan gicciye a wuyanta, ba ta daɗe da zuwa Kano ba. Hausarta ba ta wuce "sannu Baba" da "zauna" ba, amma ta miƙe ta rusuna ta gaishe shi, na ga abin ya yi masa daɗi. Wata nas ta leƙo ta ce ko ta tsaya ta yi tafinta. Ni da bakina na ce ta je ta yi aikinta, ai Turanci ne abincina.

Likitar ta ce sugan ya hau, wannan mun sani. Abin da ya fi tsaya mata a rai wani sinadari ne da hanta ke yi, ta ce sunansa fibirinojin. Shi ne ke saƙa zare-zare kamar raga a bakin rauni idan mutum ya yanke, jini ya tsaya. Ba don shi ba, da ƙaramin yanka ma sai ya kai mutum lahira. Amma masu ciwon suga sau da yawa yakan yi musu yawa, jinin ya riƙa saurin yin guda, gudan kuma ya yi wuyar narkewa. Idan hanyoyin da ke kai wa zuciya jini sun riga sun ƙuntace, guda ɗaya ya isa ya toshe su. Na Baba ya haura yadda ake so. Ta ce wannan shi kaɗai ba hukunci ba ne, alama ce kawai, ko zazzaɓi ko wani miki na iya ɗaga shi, shi ya sa take son ta ji abin da jikinsa ke gaya masa.

Babu kalmar da ta wuce ni. Ina ji ina tuna ƙanen Baba kwance a kasuwa. Na juya wajen Baba, wato wajen ƙafafunsa, na nemi yadda mutum zai gaya wa uban matarsa cewa abin da ya kashe ɗan'uwansa yana yawo a jininsa, ban samu ba. Na ce, "Ta ce jinin ya ɗan yi kauri."

Ya ce, "To."

Ta fara tambayoyi. Ko ƙafafunsa suna yin sanyi ko dindiris, wannan na faɗa daidai, ya ce wani lokaci. Sai ta tambayi sau nawa yake tashi fitsari kafin gari ya waye. Na ce, "Ta ce ana samun barci?" Ya ce alhamdu lillahi. Daga nan, ba tare da ta ɗago daga rubutunta ba, ta ce in tambaye shi ko har yanzu yana iya biyan bukatar iyalinsa, domin rauni a wannan wajen yakan riga ciwon zuciya bayyana. Jama'a, uwar matata fa ake nufi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Fanka tana juyawa amma rigata ta jiƙe. Na ce, "Baba, tana tambayar mutanen gida."

Ya ce, "Lafiya lau suke. Ka ce suna gaishe ta."

Na ce mata babu matsala. Ta rubuta.

Sai ta ajiye biro, ta dafa nata ƙirjin, ta ce wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci: in yana tafiya ko hawan tudu, yana jin nauyi ko matsi a nan, wanda ke sauka in ya tsaya ya huta? Wannan kam na fassara ta yadda take, ban rage komai ba. Baba ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har likitar ta dube ni. Can ya ce, "Tsufa ne kawai. Alhamdu lillahi."

Na gaya mata ya ce tsufa ne. Ta ce, "Kai da ka taho da shi fa, ka lura da wani abu?"

Ga amsar a bakina, har da wurin da abin ya faru. Amma in na faɗa, na ƙaryata surukina yana zaune, a gaban baƙuwa sa'ar 'yarsa, na kuma tona cewa ina satar kallonsa a lokacin da yake ɓoye gazawarsa. Na ce mata ban ga komai ba.

Ta saki fuska. Ta ce madalla, da akwai ciwon ƙirji da ba za ta bar shi ya fita ba sai an auna bugun zuciyarsa a yau ɗin nan an haɗa shi da likitan zuciya. Tunda babu, za ta gyara masa maganin suga, ta ƙara na kitsen jini, ya dawo bayan 'yan watanni a sake awo. Baba ya ce in tambaye ta gona fa. Ta ce motsa jiki yana da kyau ƙwarai, muddin ƙirji ba ya ciwo. Na ce, "Ta ce aiki yana da kyau." Rabin maganar na bari a cikina.

Soron gidana

Baba ya ce a ranar zai koma, dawa ba ta jiran kowa. Da ƙyar ya yarda mu biya Gyaɗi-Gyaɗi ya ga jikarsa, shi ma iyakarsa soro. Hauwa ta fito ta durƙusa, ta miƙa masa jaririyar, ya tofa mata addu'a ya daɗe yana kallonta. Hauwa ta ce, "Baba, me likita ya ce?"

Ya ce, "Mace ce, mai ladabi. Ta sallame ni, ta ce aiki ma magani ne. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga dawa, dammunan nan ba za su kai kansu rumbu ba."

Hauwa ta fashe da kuka, na daɗi. Ta juyo gare ni a gaban mahaifinta, abin da ba ta saba yi ba, ta ce, "Allah ya saka maka da alheri, Malam. Ka fitar da ni kunya." Na san nauyin damin dawa, na san kuma gonar Baba tana ƙetaren kwarin nan ne, duk damin da ya ɗauka sai ya hau tudun da shi. Na ɗauki jakarsa na yi waje da sauri kamar mai neman abin hawa.

Kwanar Tarauni

Ɗan adaidaitan da muka samu ya ce titin Maiduguri a cushe yake, gara mu zaga ta Unguwa Uku mu hau baifas. Har ya karya kan mashin, sai ya duba ya ce a'a, mai ya yi ƙasa, zagayen da nisa, mu dai bi cunkoson. Na ɗosana a gefensa kamar kullum. Muna ta jan jiki cikin hayaƙi da ihun masu talla, ni kuwa babu abin da nake ji sai muryar likitar tana cewa da akwai ciwon ƙirji da ba za ta bar shi ya fita ba. Can na hango kwanar da ke shiga asibitin. Mun zo daidai da ita, mun ɗan gota ta.

Na ce, "Tsaya."

Direban ya ce, "Nan ba wurin tsayawa ba ne, Malam."

Na ce ya tsaya dai. Na sauka, na zaga, na cire takalmi na durƙusa a bakin kwalta, mutane suna wucewa suna kallona. Ban iya ɗaga kai ba, amma na buɗe baki. Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Ba duk abin da likita ta ce na gaya maka ba, ita ma na yi mata ƙarya. Ta ce abin da ke jininka yana iya toshe zuciya, irin abin da ya sami ƙanenka, Baba Ƙarami. Ta ce in ƙirji yana ciwo kada ka yi aiki, kada ma ka bar asibitin. Kuma na ga ka dafe ƙirji a kwari, na gani a bene."

Motoci suna ta yi mana hon. Direban, wanda ɗazu yake faɗa, ya kashe mashin ɗinsa. Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba, na dai san kwaltar tana ƙona mini gwiwa. Daga ƙarshe na ji Baba ya ce wa direban, "Yaro, koma da mu ciki."

Likitar tana shirin tashi muka shiga. Na gaya mata komai a tsaye. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Me ya sa?" Ba ta ma jira amsa ba. Ta kira nas ɗin nan da na kora da safe. Baba ya yi wa nas ɗin magana ƙasa-ƙasa, ita kuma ta ce mini, "Wai ka ɗan jira a waje, Malam." Na zauna a benci ina jin muryarsa ta bayan ƙofa, yana ta magana, mutumin da na ɗauka ba ya son magana.

Aka manna masa wayoyi a ƙirji aka auna. Likitar ta fito ta same ni, ta ce akwai alamar zuciyar ba ta samun isasshen jini, kuma ciwon ya daɗe, tun kafin rasuwar ƙanensa yake jin sa. Ta fara masa magani nan take, ta ce da safe a kai shi wurin likitan zuciya a babban asibiti, in kuma ciwon ya taso yana zaune kada a jira safiya. Gona da ɗaukar kaya kuwa, babu su.

Na mayar da shi gidan Alhaji Tanimu rana ta yi sanyi. Na ajiye jakarsa a bakin ƙofa, na durƙusa zan yi sallama, sai ya ce, "Malam."

Na ce, "Na'am, Baba."

Yana duban bango ya ce, "Tun a kwarin nan na san ka gani. Da ta tambaya na yi shiru, kai nake jira. Ni ba zan iya cewa na gaza a gaban mijin 'yata ba. Na ɗauka za ka gaya mata da Turancinka, ba sai na ji ba."

Ya shige ɗaki ya saki labule.

Gida

Da ƙafa na dawo Gyaɗi-Gyaɗi, na iso ana kiran magariba. Hauwa ta tare ni da murna tana tambaya ko Baba ya sami mota mai kyau. Na ce ta zauna, na gaya mata tun daga kwari har kwana. Ta ɗauki 'yarta ta shiga ɗaki, kuma ban ga laifinta ba.

Baba yana nan da ransa, yana shan magungunansa yana zuwa awo, dawarsa kuma mutanen ƙauye suka yi gayya suka kai masa rumbu. Ina godiya ga likitar nan da ta ajiye jakarta ta sake zama, da nas ɗin da ta yi aikin da na ce nawa ne, da Alhaji Tanimu da ya riƙe abokinsa har aka gama zirga-zirgar asibiti. Godiyar da ta fi kowace kuwa ga Allah take, da ya sa man ɗan adaidaitan nan ya yi ƙasa a ranar. Na sha tambayar kaina, da ta baifas muka bi ban ga kwanar ba, ko bakina zai buɗe kafin Mariri. Ina so in ce zai buɗe, amma ban sani ba.